Kiran Ranar Talata: Abin da Injiniya Ashiru Ya Bar Mini

Ina tsugune a gaban mai faci a Kwanar Dangora, ranar Laraba da hantsi, muna duba tayar baya da ta addabe ni da sacewa, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Injiniya Ashiru ce, amma muryar ta ƙaninsa ce. Bai ja magana ba. Ya ce Yaya ya cika bayan sallar asuba a asibiti a Kano, za a kawo shi gida Ƙofa, jana'iza bayan azahar. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, mai faci ya ajiye guduma shi ma ya kama. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne yadda muryar nan ta fito tas, babu kalma ɗaya da ta ɓace balle in ce wa kaina ko ban ji daidai ba. Sabis ɗin wurin da nake tsugune Injiniya da kansa ya gyara shi.

Sunana Habu, direba ne ni. Shekara tara ina tuƙa Injiniya a motar gwaji ta kamfanin waya, tsakanin Bebeji da Kiru da Tudun Wada har Doguwa. Ba ni da karatun da zan rubuta tarihin mutum irinsa, abokan aikinsa na ofis sun riga sun faɗi nasu, kuma sun faɗi gaskiya. Ni iyakacin sanina shi ne mutumin da ke zaune a kujerar damana da kwamfuta a cinya. Allah Ya yafe mini, a ranar nan kafin in tuna matarsa da 'ya'yansa, Gwaggo Asabe na fara tunawa. Na tuna wayarta da ke rataye a wuyanta, na ƙirga kwana shida ne suka rage Talata ta zo, kuma babu mai kiranta.

Sai na faɗi irin aikinmu kafin a gane wace ce Gwaggo a cikinsa. Mutum yana cikin mota yana waya tun daga Kwanar Dangora har ya wuce Tudun Wada, a zatonsa ƙarfen sabis guda ne ke riƙe da shi. Ni ma haka na zata kafin Injiniya ya fahimtar da ni. Ya ce kowane ƙarfe akwai iyakar inda muryarsa ke kaiwa. Ita waya kullum kunnenta biyu ne, tana sauraren ƙarfen da ke riƙe da ita, tana kuma sauraren na gaba, tana kai rahoton wanda ta fi ji. In na gaba ya fi fitowa, kuma ya ɗan jima a haka, sai na baya ya aika masa ya tanadi wuri, sannan ya ce wa wayar ta koma can. Kamar dai yadda magina ke miƙa kwanon kwaɓi daga hannu zuwa hannu. In an yi daidai, mai magana ba ya jin komai. In aka yi kuskure, kira ya yanke, mutum ya duba waya ya yi tsaki ya zagi kamfani. Aikinmu shi ne mu bi hanya da kira a buɗe, kwamfuta tana zana inda aka miƙa lafiya da kore, inda aka yar da kira da ja.

Farkon haɗuwarmu ba mu shirya ba. Ni na saba da tuƙin haya, in na ga hanya ta miƙe ƙafata ba ta haƙuri. Shi kuwa gudu ɗaya yake so daga farko har ƙarshe, kar a ƙara kar a rage. Wata rana ina sauri in koma gida, na ɗan taka mota bayan mun bar Kwanar. Sai da muka ga gidajen Tudun Wada, sannan ya rufe kwamfuta ya ce in juya mu sake daga farko. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta gunaguni ina cewa ni ban taɓa ganin inda ake biyan mutum don ya yi tafiyar kunkuru ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Habu, ba Doguwa muke nema ba. Abin da ke tsakani muke nema." Da muka tsaya sallah ya sayo mini gasasshiyar masara guda biyu, ya zaɓo mai taushi domin ya lura da haƙorina. Tun daga ranar ban sake yi masa gudu ba.

Kamfani yana da wata lamba ta na'ura da ake kira don wannan gwaji, ba ta gajiya, ba ta magana, sai wani sauti kawai. Duk injiniyoyi ita suke kira. Shi ma yana sa waya ɗaya a kanta don rahoton ofis, amma ta biyu mutum yake kira da ita, ya buɗe sifika. Yakan ce na'ura za ta gaya masa kira ya yanke, amma ba za ta gaya masa an haɗiye rabin kalma ba, alhali rabin kalma na iya zama sunan asibiti ko sunan magani. Yakan ce wanda ya ɗauko mai naƙuda a bayan mota ba shi da hannun sake danna lamba. Mutumin da yake kira kuwa kullum ɗaya ne, duk ranar Talata da muke bin hanyar Doguwa.

Gwaggo Asabe ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Sunan mahaifinta aka sa masa, don haka ba ta kama sunan, Babana take ce masa. Asalinsu mutanen wani ƙauye ne da ruwan madatsar Tiga ya ci, aka tashe su tana da ƙuruciya, daga baya aure na biyu ya kawo ta Ƙofa. Mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, yanar ido kuma ta rufe mata gani. Injiniya ya yi juyin duniya ta koma gidansa a Kano, ta ƙi. Ta ce ruwa ya tashe ta sau ɗaya, babu mai sake tashinta sai masu makara. Tana zaune a gidan dangin mijinta, mutanen kirki ne, amma da gari ya waye kowa ya kama gona ko kasuwa, sai a bar ta ita kaɗai da kaji. Ya saya mata waya mai maɓallai, ya ɗaura mata zare, ya koya wa babban yatsanta inda maɓallin amsawa yake. Shi kaɗai ta sani a jikin wayar.

Da mun tashi daga Kwanar Dangora sai ya kira. A gaisa, ta tambayi iyali, ta tambaya ko ya karya, sannan ya ce, "To Gwaggo, mu shiga gari." Sai ta fara. Garinsu na ƙarƙashin ruwa take zagayawa da mu gida gida, kullum daga ƙofar gabas. Kukar bakin gari, gidan maƙera, rijiyar da ake ce wa mai zaƙi, marina da warinta, gidan wanzami mai mata masu faɗa, gidan liman. Tana faɗin wanda ke ciki, da wanda ya haifa, da inda aka kai su bayan tashi. Da yake gudunmu ɗaya ne kullum, ita ma takunta ɗaya ne, sai labarin ya daidaita da hanya. Injiniya yakan tsokane ta ya ce ta fi kwamfutarsa sanin inda muke, domin in ta shiga gidan wanzami ko bai ɗaga kai ba ya san mun iso Tudun Wada. Ita kuma ta ce ai shi ya sa ya kamata kamfani ya riƙa ba ta goro.

Bayan Tudun Wada, kafin a shiga dajin Falgore, akwai inda hanya ke hawa tudu sannan ta sauka da sauri zuwa wata 'yar gada. Akwai tsamiya a gefe, don haka mu biyu muka sa wa wurin Gangaren Tsamiya. A nan kira yake yankewa, ba fashi. A nan ne kuma Gwaggo take isowa ƙofar gidan mahaifinta. Za ta ce, "Sai ka zo zauren gidanmu," sai ɗif. In Injiniya ya sake kira bayan mun haye gada, ba ta komawa labarin. Sai ta ce an isa haka, ta yi mana addu'ar shiga daji, ta ce Allah Ya kai mu mako. Shekara da shekaru ina jin zauren nan, ban taɓa shiga ba.

Wurin nan ya dame shi fiye da ko'ina. Ya bayyana mini cewa ƙarfen baya yana jin wayar sosai har kan tudu, don haka ba ya ganin dalilin sakin ta. Da mota ta gangara sai tudun ya shiga tsakaninsu, kafin ya ce wa wayar ta koma gaba muryarsa ba ta isa gare ta. Ƙarfen gaba yana nan a shirye, amma babu wanda ya miƙa masa. Maganin da ya gani shi ne a sa ƙarfen baya ya miƙa tun a kan tudu, a kuma ɗan karkata eriyar na gaba ta fuskanci gangaren. Ya rubuta wa ofis, ya sake rubutawa, kullum ana cewa akwai aikin cikin birni da ya fi gaggawa. Ban taɓa jin ya zagi kowa a kan haka ba, ni ne mai zagin. Shi iyaka ya ƙara ɗigon ja a rahoto, ya ce, "Tun da sauran ƙarfi ake miƙawa, Habu. In aka jira sai an gaza, ko an yi magana ba ta kaiwa."

Ni a lokacin na ɗauka maganar aiki ce, kuma maganar aikin ce. Amma ya kamata in faɗi halin da nake ciki, don shi ya gani ko ban faɗa ba. Matata Rabi ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Ya'yana mata biyu suna ɗakin mazajensu, ɗaya a Kiru ɗaya a Kano. Ɗaki guda nake haya a Kwanar, in na dawo aiki in ci abinci a wurin mai shinkafa, in shiga in kunna rediyo don kawai in ji murya. Injiniya yakan dubi wayata a kan gaban mota ya ce a duk jihar nan babu wayar da ta kai ta samun hutu. Mu yi dariya, amma in na koma ɗaki maganar takan dawo mini ba da dariya ba.

A daminar da ta wuce ya fara ramewa. Idonsa ya yi rawaya, ya daina cin masarar hanya, in mun tsaya sallah sai ya daɗe a zaune kafin ya miƙe. Na yi masa magana, ya ce yana ganin likita. A lokacin ne ya fara wani abu da ya ba ni haushi. Muna cikin tafiya sai ya ce wa Gwaggo ga direba su gaisa. Da ma iyakata da ita ina kwana. Mako na gaba ya jingina kai ya ce in riƙa amsa mata, shi zai kalli kwamfuta. Na ce masa ni tuƙi aka ɗauke ni, ya ce ai ba da baki nake tuƙin ba. Sannu a hankali ya koya mini yadda ake bin ta. In ta zo marina kar a katse ta. In ta manta sunan 'yar wanzami ta uku a tuna mata, Delu ce. In ta wuce gidan liman ta yi shiru, kar in ce ko tana ji na, ba sabis ba ne, ɗanta na fari yana kwance a maƙabartar da ke bayan gidan, addu'a take yi masa. Kafin kaka ta shigo ni ne ke cewa "sai kuma gidan wa, Gwaggo?" shi idonsa a rufe. Ita ma ta daina ce mini direba, ta koma Habu.

Talatarmu ta ƙarshe ya shigo mota da fara'a, ya ce ofis sun amince, cikin makon za a hau ƙarfen a yi gyaran, sai mu dawo mu gwada. Da muka isa Doguwa muka yi azahar, ya karɓi wayata ya ce bari ya ajiye mini lambar Gwaggo ko da tasa za ta mutu a hanya wata rana. Na ba shi ban kawo komai a raina ba. Wallahi ban kawo komai ba. Ranar Juma'a aka kwantar da shi. Matarsa Malama Hadiza ta gaya mini daga baya cewa Talatar da ta same shi a gadon asibiti sai da ya sa ta kira, ta riƙe masa wayar a kunne. Ba ya iya magana sosai, Gwaggo ce ta yi ta zagaya gari, barci ya ɗauke shi tun ba a kai marina ba. Washegari ya rasu.

A wurin zaman makoki na shiga cikin gida gaisuwa. Gwaggo tana zaune a tabarma, hannunta ɗaya a kan wayar da ke ƙirjinta. Na durƙusa daga nesa na ce ya haƙuri, nan take ta gane muryata. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko motar tana nan. Na ce tana nan. Ta ce, "To." Na tashi na fita da sauri, ko takalmina ban sa daidai ba.

A nan ne laifina yake, kuma gara in faɗe shi da bakina. Talata uku suka wuce ban kira ta ba. Kamfani bai turo kowa ba, motar tana ajiye, ni kuma ina ɗaki. In na ɗauko wayar na ga sunan da ya rubuta da hannunsa, sai in ji ba zan iya ba. Ina ce wa kaina ni wane ne, ba ɗanta ba, ba danginta ba, muryata za ta tuna mata da wadda babu. Gaskiyar kuwa tsoro nake ji in buɗe kiran nan kujerar damana babu kowa. Sai Malama Hadiza ta kira ni, tana cikin takaba. Ta ce tana kiran Gwaggo kullum, amma gaisuwa kawai suke yi ta ajiye, saboda kunyar suruka. Ta ce mutanen gidan sun gaya mata duk Talata tun da safe Gwaggo take sa a yi mata cajin waya, ta fito bakin ƙofar ɗaki ta zauna, ba ta tashi sai an kira azahar. Malama ba ta ce in yi komai ba. Ta faɗa kawai, kunya ta rufe ni.

Talata ta huɗu aka turo sabon injiniya, Injiniya Nura, mutum mai natsuwa, don a gwada gyaran da aka yi a gangaren. Ya jera wayoyinsa a kan lambar na'ura. Kafin in tayar da mota a Kwanar na roƙe shi arziki ya bar ni in buɗe wani kira da tawa wayar. Ya ce na'ura ta isa, amma ba laifi. Ƙara ɗaya wayar ta yi aka ɗauka. Na yi sallama, ta amsa, ta tambaya ko na karya. Ba ta tambaye ni ina na shiga ba, kuma da ta tambaya da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Gwaggo, mu shiga gari."

Ta fara daga ƙofar gabas. Muryarta ta yi rauni amma takun bai canja ba. Ta manta Delu na tuna mata. A gidan wanzami muka shiga Tudun Wada. Ta wuce gidan liman ta yi shirunta, wannan karon ya fi na kullum tsawo, Injiniya Nura ya ɗago ya dubi wayar, na yi masa alama da hannu ya bari. Muka fara hawa tudu. Muna kaiwa sama na ji Injiniya Nura ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, an miƙa. Mota ta gangara. Gwaggo ta ce, "Sai ka zo zauren gidanmu," ta tsaya, tana jiran abin da ta saba. Muka wuce tsamiya, muka hau gada, muka sauka.

"Habu, kana ji na?"

"Ina ji, Gwaggo."

"Mun wuce gangaren?"

"Mun wuce."

Ina jin numfashinta da kukan kaji a bayanta. Sannan ta ce, "Ashe Babana ya gyara." Daga nan ta shiga zauren. Ta nuna mini inda mahaifinta yake shimfiɗa buzu, da turken akuya, da ɗakin mahaifiyarta mai ƙofa a kudu, da rumbun da ba a samu damar kwashewa duka ba ranar da motoci suka zo. Injiniya Nura ya rage hasken kwamfutarsa ya zauna yana saurare. Ni kuwa ina tuƙi hawaye na zuba, ban ƙara gudu ba ban rage ba, har muka kai bakin daji ta yi mana addu'a. Ban sani ba ko Injiniya Ashiru ya taɓa shiga gidan nan da ita. Ban kuma sani ba ko ita ya bar mini ko ni ya bar mata. Na dai san ya yi tun da sauran ƙarfinsa, ni ne na makara da mako uku.

Ya Allah, ga bawanKa Ashiru ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya shi cikin waɗanda Ka yarda da su. Ya yi aikin da in ya yi kyau babu wanda ke sanin an yi shi, Kai Ka sani, Ka saka masa da mafificin alheri. Duk wanda ya sauka gangaren nan yana magana da nasa, maganar ta kai, Ka rubuta masa ladan. Ka ba Malama Hadiza haƙuri da juriya, Ka raya 'ya'yansa bisa tafarkin da ya bi, Ka zama gatansu. Ka jiƙan Rabi, da iyayenmu, da waɗanda ke kwance ƙarƙashin ruwan Tiga. Gwaggo Asabe kuma Ka sanyaya mata zuciya, Ka sa ta cika da imani. Ni ma Ka yafe mini makwanni ukun da na bar ta zaune a bakin ƙofa, kuma muddin tana raye ina raye, kar Ka sake nuna mata Talatar da wayar nan ba za ta yi ƙara ba. Amin.